Tarko, guba, kyanwa ko siminti: wanne ke raba gida da ɓera a Bauchi?

Da zarar kaka ta yi, buhunan masara, dawa, gyaɗa da wake sun shigo gida, aka fara cinna wa daji wuta, sai ɓeraye su baro gonaki su biyo hatsi cikin gari. Daga watan Nuwamba zuwa Maris kukan ɓarnar ɓera ya fi yawa a unguwannin Bauchi, daga Yelwa zuwa Jahun da Fadaman Mada, balle ƙauyuka. A daidai wannan lokaci ne kuma zazzaɓin Lassa ke tasowa, kuma Bauchi, tare da Ondo da Edo, tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa a alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Ƙananan hukumomi irin su Toro, Kirfi da Alkaleri sun san wannan cuta sarai. Saboda haka duk hanyar da mai gida zai zaɓa, sai ya auna ta da ma'auni uku: nawa take kashewa, yaya take barin iyali da fitsari da jinin ɓeran, sannan wata nawa za a yi kafin wasu su maye gurbin waɗanda suka mutu. Yawancin mutane ma'auni na farko kawai suke dubawa, shi ya sa ake sayen shinkafar ɓera duk shekara.

Wane ne ke yi maka ɓarna?

Kafin a kashe ko kwabo, a gane baƙon. Baƙin ɓera mai doguwar jela, wanda jelarsa ta fi jikinsa tsawo, gwanin hawa ne. Shi ke gudu cikin silin da dare, yana bin azara, wayar lantarki da reshen darbejiya ko mangwaron da ya taɓa kwano. Kashinsa ya kai kusan santimita 1, da tsini a bakinsa. Ƙaramin ɓeran ɗaki kuwa ba ya nisa da inda yake kwana, da wuya ya wuce mita 10, kashinsa kamar ƙwayar shinkafa baƙa, kuma yana iya rayuwa ba tare da shan ruwa ba muddin akwai hatsi. Na uku shi ne wanda masana ke kira Mastomys natalensis, ɓeran gona mai shigowa gida da rani. Macensa tana da nonuwa 16 zuwa 24, tana haihuwar 'ya'ya 10 zuwa 12 a ciki ɗaya, cikin kuma bai fi mako uku da 'yan kwanaki ba. Shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar cutar Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Cutar ba ta kwantar da shi, yana yawonsa lafiya lau yana zubar da ita a fitsari da kashi. A duhu ba mai iya bambanta shi da sauran, don haka a ɗauki kowane ɓera a matsayin mai ita.

Gafiya daban take: takan haura kilo 1, rami take haƙawa a gindin katanga ko bayan masai, kuma tarkon kasuwa ba ya riƙe ta. Jaɓa kuma, mai dogon hanci da wari, ba ɓera ba ce. Ƙwari da kyankyasai take ci, shi ya sa gubar da aka haɗa da hatsi ba ta cika damunta ba.

Hanya mafi arha ta gane inda suke bi ita ce a barbaɗa toka ko garin rogo siriri a gindin bango da bakin ƙofa da dare, a duba sawu da safe. Sabon kashi baƙi ne mai sheƙi da laushi, tsoho kuwa ya yi toka-toka yana marmashewa. Inda suka saba bi za a ga baƙin maiƙo a jikin bango ko katako.

Tarkon ƙarfe

A ganinmu, ga gidan da ake kwana, ake girki, ga yara ga kaji, tarkon sifirin mai datsewa shi ne zaɓi na farko. Yana kashewa nan take, gawar tana inda ka ajiye tarkon, ka san adadin da ka kama, kuma saye ɗaya ne a yi shekaru ana amfani. Masu cewa tarko ba ya aiki, in ka bincika, kusan kullum kuskure uku suka yi.

Na farko, ƙarancin tarko. Tarko ɗaya ko biyu a gidan da ɓeraye suka yi sansani wasa ne. Haihuwarsu ta fi kamunka sauri. Gida mai ɗaki uku da kicin da sito yana buƙatar 8 zuwa 12, a ɗana su dare ɗaya. Daren farko da na biyu su ne suka fi kamu, daga nan sauran sukan yi wayo. Girma ma yana da muhimmanci: ƙaramin tarko yakan ji wa babban ɓera ciwo kawai ya tsere, kuma wanda ya tsira sau ɗaya ba ya sake kusantar tarko. Babban tarko kuma ƙaramin ɓera kan cinye abincin ya tafi bai tashe shi ba. In ana da iri biyu a gida, a sayi girma biyu.

Na biyu, gaggawa. Babban ɓera yana tsoron duk sabon abu a hanyarsa. A ajiye tarkon da abinci a kai amma ba a ɗana ba, dare biyu ko uku, har ya saki jiki yana ci. Ranar da aka ga an cinye abincin a yawancin tarkunan, ranar za a ɗana duka. Ƙaramin ɓeran ɗaki bai buƙatar wannan lallami, shi mai son leƙe-leƙe ne, ana iya ɗana masa tun daren farko.

Na uku, wurin ajiyewa. Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki in yana da zaɓi, gindin bango yake bi yana goga gashin bakinsa. A sa tarkon a gicciye, bakin da ke da abinci yana fuskantar bango har ya kusa taɓa shi, yadda ko ta dama ya zo ko ta hagu sai ya taka. Tsakanin tarko da tarko mita 2 zuwa 3 ga ƙananan, mita 4 zuwa 5 ga manya. Bayan buhu, ƙarƙashin kabad, bayan firij, gefen murhu, nan ne wurarensu. Na silin kuma sai an hau an ɗaure tarkon da waya a jikin katakon rufi inda baƙin maiƙon yake. Tarkon ƙasa ba zai kama ɓeran da bai cika saukowa ba. Ko a ƙasa ma yana da kyau a ɗaure, don kada wanda aka kama a ƙafa ya ja tarkon cikin rami.

Abincin tarko kada ya wuce girman ƙwayar wake. Ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, kan busasshen kifi, daddawa ko dabino duk suna ja. A ɗaure shi da zare ko a matse shi sosai a jikin ƙarfen, domin wanda aka ɗora kawai ɗauke shi ake yi. In tururuwa ta dame shi, a canja kullum da yamma. Kuma duk wannan ba zai yi tasiri ba in ga kwanon tuwo a buɗe, ga dusar awaki a zube: mai ƙoshi ba ya kasada.

Aibin tarko shi ne yana karya yatsan yaro, yana kashe ɗan tsako. Maganinsa a ɗana bayan yara sun kwanta a kwance da asuba, ko a kifa kwali ko tsohon bokiti a kai a huda ƙofa biyu masu faɗin santimita 6. Aibi na biyu shi ne jini, wanda za mu zo kansa.

Akwai kuma tarkon bokiti da ake haɗawa a gida: bokiti mai lita 20, ruwa zuwa rabi, a rufe saman ruwan da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, a watsa 'yar gyaɗa a kai, a jingina katako ya zama matakala. Yana kama da yawa a dare ɗaya a sito ko gona, ba ya cin kuɗi. Amma gidan da ke da mai rarrafe ko mai tatata, a bar shi. Yaro kan faɗa bokiti da ka ya kasa fitowa. Kejin waya mai kamawa da rai, irin wanda masu walda ke yi, shi ne kaɗai ya dace da gafiya. Matsalarsa sai ka kashe da hannunka. A nutsar da kejin gaba ɗaya cikin ruwa. Zuba kananzir a cinna wa ɓera wuta, ban da haramcin azabtarwa da wuta a addini, ya sha ƙona ɗakuna, domin ɓeran da ke cin wuta cikin zana ko ƙarƙashin katifa yake gudu.

Gam

Allon gam yana saurin sayuwa a kasuwannin Wunti da Muda Lawal saboda sauƙinsa, kuma shi ne muka fi ƙi. Ɓeran da ya maƙale yakan yi sa'o'i yana kuka, yana fitsari da kashi don tsoro, sannan da safe yaro ne ko uwar gida za su ɗauki allon da hannu. A jihar da ke fama da Lassa wannan kaɗai ya isa dalili. Ƙurar hunturu tana kashe danƙonsa cikin kwana biyu, zafin Maris da Afrilu yana narkar da shi ya malale, babban ɓera kan fizge ya bar gashi, kuma tsaka, ƙadangare da 'yan tsaki su ne ya fi kamawa. In an rasa komai sai shi, ƙananan ɓeraye kaɗai yake iyawa, kuma a duba shi tun da asuba.

Guba iri biyu ce

Abin da ake kira maganin ɓera a kasuwa gida biyu ne, kuma bambancinsu shi ne bambancin rayuwa da mutuwa in yaro ya ci.

Akwai mai kisan gaggawa. Mafi yawanta baƙin gari ne mai warin tafarnuwa, wanda a kwalinsa ake rubuta zinc phosphide. In ta haɗu da ruwan ciki sai ta saki iska mai guba, ɓera ya mutu cikin sa'o'i ko kwana guda. Mutane suna sonta don suna ganin gawa da safe. Sai dai ɓera ɗanɗano yake fara yi. Wanda ya ci kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ya daina kusantar wannan abincin har tsawon watanni. Shi ya sa sati na farko a ga gawarwaki, sati na biyu a ga shinkafar tana nan ba a taɓa ba, ɓarna kuma ba ta tsaya ba. Masu amfani da ita a gona sukan yi kwana uku suna ajiye hatsi marar guba a wuri ɗaya kafin su sa mai gubar dare ɗaya, su kwashe ragowar da safe. Babbar illarta ita ce ba ta da makari. Likita zai taimaka wa numfashi da zuciya ne kawai, ya jira ikon Allah. Ga kuma kamanninta: shinkafa ce ko gyaɗa a murfin kwalba, a ƙasa, daidai inda mai rarrafe yake kai hannu. Ƙullin leda marar suna kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki, har mai sayarwar. Wannan ba ta da wuri a gidan da mutane ke kwana.

Ta biyu ita ce mai hana jini daskarewa. Tana zuwa a dunƙule kamar sabulu ƙarami, shuɗi, kore ko ja, ko a ƙwayoyi. A kwalin za a ga brodifacoum, bromadiolone ko coumatetralyl, da lambar rajistar NAFDAC. Ba ta kashewa sai bayan kwana 3 zuwa 7, don haka ɓera ba ya danganta ciwonsa da abincin, yana ta komawa, 'yan uwansa ma suna ci. Wannan jinkirin da ke sa mutane cewa jabu ce, shi ne ƙarfinta. Tana da makari, wato bitamin K1, wanda ake bayarwa a asibiti. In har za a yi amfani da guba, wannan ce.

Yadda ake sa ta: kada a watsa a fili. A yanko bututun roba na ruwa mai faɗin inci 3, tsawon santimita 40 zuwa 50, a huda tsakiya, a zura waya ta cikin dunƙulen a ɗaure shi a ciki yadda ɓera zai ci a wurin amma ba zai ja shi ya kai wani wuri ba. A kwantar da bututun a gindin bango, a danne da bulo. Hannun yaro da bakin kaza ba sa kaiwa tsakiya. A bi adadin da kwalin ya faɗa, a sa tashoshi mita 5 zuwa 10 tsakani, a duba bayan kwana uku sannan duk mako, a cika inda aka cinye. In mako biyu zuwa uku suka wuce ba a ƙara taɓawa ba, a kwashe ragowar a binne. Barinta a ajiye shekara da shekaru ba ya ƙara komai sai haɗari.

Ko wannan mai dama-damar tana da nata. Ɓera yana mutuwa inda ya ga dama, kuma maganar cewa guba tana busar da gawa ko tana kora shi waje neman ruwa, zancen 'yan talla ne. Wanda ya mutu cikin silin zai yi mako ɗaya zuwa biyu yana wari, tsutsa na faɗowa, ga ƙudaje. Kyanwa, kare, shaho ko mujiyar da ta ci ɓeran da ya sha gubar ita ma tana iya mutuwa, ka kashe mai taya ka aiki kenan. Kazar da ta tsattsage ta kuma bai kamata a ci namanta ko ƙwanta ba. Saboda haka guba ta fi dacewa da shagon hatsi, sito na waje, gidan gona ko kangon da ba kowa, inda yawan ɓerayen ya fi ƙarfin tarko.

Abubuwa uku da ake yi waɗanda ya kamata a daina. Ƙwayar da ake sa wa buhun wake don kashe ƙwari, wadda manoma ke kira bom, iska mai kisa take fitarwa. Jefa ta a ramin ɓera cikin ɗaki ko ajiye buhun da aka sa mata a inda ake kwana ya hallaka iyalai a ƙasar nan. Fiya-fiya maganin ƙwari ne, zuba shi a abinci don ɓera guba ce ga mutanen gida kafin ɓeran. Kafson ciwon gaɓoɓi da ake farkewa a cuɗa da kifi yakan kashe wasu, amma ba ma'auni, kuma kyanwa da kare su ne ke riga ɓera ci.

In yaro ya ci guba kowace iri, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi da kwalin ko ledar zuwa asibiti nan take. In baƙin garin ne ya yi amai, a buɗe tagogi, domin aman ma yana fitar da iskar. In mai hana daskarewar jini ce, yaron zai yi kwana ɗaya ko biyu yana wasansa kamar ba komai kafin jini ya fara fita ta hanci, dasashi ko fitsari. Lafiyar da ake gani ranar farko ba dalilin zama a gida ba ce.

Kyanwa da sauran dabaru

Kyanwa tana da amfani, amma an fi ba ta girman da ya wuce aikinta. Tana kama ƙananan ɓeraye da 'ya'yan manya, warinta kuma yana sa sauran rage yawo a fili. Babban ɓera da gafiya kuwa yawancin kyanwoyi kallo suke bin su da shi, na cikin silin kuma ba ta kai gare su. Wani bincike da aka yi a gidajen karkara a ƙasar Eswatini, aka wallafa a 2017, ya nuna ɓeraye sun fi janyewa a gidajen da ke da kyanwa da kare tare, fiye da masu ɗaya kaɗai. Ta fi kyau a matsayin mai gadi bayan an rage yawansu da tarko. A tuna tana kawo abin da ta kama har kan tabarma, kuma ba a haɗa ta da guba a gida ɗaya.

Na'urar da ake maƙalawa a soket wai tana ƙarar da ke korar ɓera, ɓarnar kuɗi ce: ƙarar ba ta ratsa bango ko buhu, suna sabawa da ita cikin kwanaki, ga wutar ma ba kullum ba. Kafur, barkono da ganyen na'ana'a sukan sa ya canja hanya na ɗan lokaci, shi kenan. Kafur kuma yara na ɗauka alewa ce.

Siminti, raga da murfi

Duk abin da aka lissafa a sama ragewa yake yi. A ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini, masu binciken Lassa sun yi shekara huɗu suna sa guba a gidaje duk rani. Yawan ɓerayen yakan faɗi sosai, amma cikin 'yan watanni sai ya koma yadda yake, domin abinci yana nan, ƙofofin shiga suna nan, daji kuma cike yake da masu jiran gurbi. Abin da ke hana dawowa shi ne toshewa da ajiya. Ya fi tsada a rana ɗaya, ya fi wahala, amma shi kaɗai ne ba a maimaitawa duk wata.

Ƙaramin ɓera yana wucewa ta kafa mai faɗin milimita 6, wato duk inda biro ya shiga. Babba yana buƙatar kamar santimita 1 da rabi zuwa 2. Da wannan ma'aunin za a zagaya gida da tocila. Ƙasan ƙofa shi ne na ɗaya: kafinta ya buga falle na kwano mai tsawon santimita 30 daga ƙasa a jikin ƙofar katako, a ɗaga dokin ƙofa da siminti har biro ya kasa wucewa. Sai rariya, wadda kusan kowane gida a cikin gari ke da ita a buɗe zuwa kwata: a sa mata ragar ƙarfe mai ido milimita 6, a kafe gefenta da siminti, a riƙa cire shara don kada ruwa ya taru da damina. Ragar sauro ta roba ba ta tsayar da haƙorin ɓera. Sai inda bututun ruwa, wayar lantarki ko bututun na'urar sanyaya ɗaki ya ratsa bango, sai tazarar da ke tsakanin kan bango da kwano, wadda ta nan na silin ke shiga. Wannan birkila zai cike ta da bulo da siminti, ko a rufe da raga in ana son iska. Reshen da ya kusanci rufi a sare shi ya ba da tazarar mita 1 ko fiye. Masai ya samu murfi mai nauyi.

Kwaɓin toshe rami: kwano 1 na siminti, 3 na yashi. A fara cusa tsakuwa da fasassun kwalabe cikin ramin, sannan a bi da kwaɓin, domin ɓera kan tone ɗanyen siminti kafin ya kama. Tsumma, kwali, katako, soso da leda duk abin shimfiɗarsa ne. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana riƙewa na ɗan lokaci kafin ya yi tsatsa. A ginin ƙasa, inda siminti ba ya kama laka sosai, a faɗaɗa bakin ramin, a cika da duwatsu da kwalba, a yaɓe, sannan in da hali a yi wa gindin bangon rigar siminti zuwa tsawon gwiwa, a kuma yi wa daɓe siminti. Ginin ƙasa sai an sake dubawa duk bayan damina.

Jerin aikin yana da muhimmanci. In aka toshe komai alhali suna ciki, ko su mutu a silin su yi wari, ko su huda sabuwar hanya ta cikin ɗaki. A fara kawar da abinci, a yi mako ɗaya zuwa biyu ana tarko, sannan a gwada kowane rami: a cusa takarda ko a rufe da ƙasa sako-sako. Wanda ya kwana uku ba a buɗe ba, a yi masa siminti. Wanda aka buɗe, a mayar da tarko bakinsa.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hatsin ci na yau da kullum ya koma duro na ƙarfe ko roba mai kauri mai murfi. Gari, shinkafa, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi su shiga bokitin fenti da aka wanke ko jarka. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana maganin ƙwari ba tare da guba ba, yana kuma rage ƙanshin da ke jawo ɓera, amma haƙori yana huda shi, kuma huda ɗaya ta lalata amfaninsa. Buhuna su hau katako santimita 30 daga ƙasa, rabin mita daga bango, yadda za a iya zagayawa a share a gani. Rumbu mai ƙafafu a sa wa kowace ƙafa hular kwano mai fuskantar ƙasa a tsawon kusan mita 1, a share ciyawa da kara a kewayensa. Itacen girki, kara, tsofaffin tayoyi da bulon da ya rage daga gini su bar jikin bango. Kwanukan dare a wanke su a daren, ragowar tuwo a rufe da murfi mai nauyi, randa da tulu a rufe, dusa da abincin kaji a kwashe kafin magariba. Shanyar rogo, masara, kuɓewa da barkono a ƙasa ko bakin titi, musamman wadda ke kwana a waje, tana daga manyan hanyoyin da fitsarin ɓera ke shiga abinci. A yi ta a kan gado mai tsawo, a kwashe da yamma.

Wanne ga wa?

Gidan bulo mai iyali ɗaya: tarko mako biyu, toshewa, shi kenan, guba ba ta da dalili. Ginin ƙasa a bakin gona, kamar yawancin ƙauyukan Toro ko Ganjuwa, ba za a iya rufe shi ruf ba, don haka ƙarfin a sa shi kan duro da murfi, tarkuna su zauna a ɗane duk rani, kyanwa ta taya. Mai shagon hatsi ko sito shi ne mai hujjar guba a bututu, tare da katakon ɗora buhu da ƙofar ƙarfe. Mai kiwon kaji ya fi kowa wahala, domin abincin kaji ba ya yankewa: ya rataye mazubin abinci, ya kwashe da dare, ya sa tashoshin guba a wajen keji kawai, ya riƙa tsince gawa kafin ya saki kaji.

Gidan haya mai ɗakuna da yawa da silin ɗaya kuwa, aikin mutum ɗaya banza ne. Babban ɓera yana yawon mita 30 zuwa 50 a dare, wato gida uku ko huɗu. Sai an haɗa kai an ɗana tarko a mako ɗaya, an sa mai gidan ya gyara rariya da rufi, in ta kama a kai maganar bola da kwata ga mai unguwa ko duba-gari. Lokacin da ya fi dacewa da duk wannan shi ne Satumba da Oktoba, ruwa ya kusa ɗaukewa, hatsi bai gama shigowa ba.

Gawa da kashi

A nan ne mutane da yawa ke ɗaukar cuta bayan sun yi nasarar kamu. Kada a taɓa gawa da hannu, kada a aiki yaro ya jefar a bola, kada a share busasshen kashi da tsintsiya, domin ƙurar da ke tashi ana shaƙarta. A haɗa ruwan Hypo ko Jik kashi 1 da ruwa kashi 9, sabo a ranar. A sa safar hannu ta roba, in babu a zura hannu cikin leda biyu, a ɗaura takunkumi. A jiƙa gawar, tarkon da wurin da ruwan, a bari minti 5, a ɗauka a sa a leda biyu a ƙulle, a binne a rami mai zurfin rabin mita inda kare ba zai tone ba. Kashi ma a jiƙa shi a goge da tsumman da za a yar. Ɗakin da ya daɗe a rufe a buɗe shi rabin awa kafin a shiga shara. Dafaffen abinci ko garin da aka ga kashi a ciki a zubar. Farautar ɓeran daji da gafiya don ci, wadda yara ke yi bayan ƙonan daji, feɗewar ce ta fi haɗari, domin jini ne ke taɓa hannu.

Alamun Lassa suna bayyana tsakanin kwana 6 zuwa 21 bayan haɗuwa da ƙwayar, kuma da farko ba su da bambanci da maleriya ko taifot: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu zuwa uku, musamman a gidan da aka yi fama da ɓera, a bar kemis a tafi asibiti a faɗa wa likita maganar ɓeran. Asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi yana gwaji da jinyar masu cutar, ana kuma iya kiran NCDC kyauta a 6232. Maganin ya fi tasiri in an fara shi a kwanaki shida na farko, mai juna biyu kuwa kada ta jira ko kwana ɗaya.